Koyon Jitar Bas a Gure: Me Kiɗan Rakiya Ke Bayarwa, Me Yake Hanawa?

Mai gurmi yana iya zama shi kaɗai a gindin dogon yaro ya yi ta kaɗawa har dare ya raba, kuma duk wanda ya gitta zai ce ya ji kiɗa. Haka mai kuntigi: da tsirkiya ɗaya da muryarsa marigayi Ɗan Maraya Jos ya riƙa cika zauruka. Mai jitar bas bai samu wannan gatan ba. In ya kaɗa shi kaɗai, abin da ke fita gunji ne mai kauri, sautuka huɗu ko biyar suna ta zagayowa, ko shi kansa ba zai iya rantsuwa ya ce ya buga daidai ba. Aikin bas ɗauri ne. Ita ke haɗa bugun ganga da amon jita da muryar mawaƙi, ita ke gaya wa ƙafar mai rawa inda za ta sauka. In babu ganga babu jita, me za ta ɗaure?

Wannan ita ce matsalar matashin da ya ƙwallafa rai kan bas a gari irin Gure. Garin yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Diffa, kilomita 160 da ɗoriya gabas da Damagaram, fiye da kilomita 1,000 daga Yamai, inda cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Elhaji Taya take tun 1989. Gure ba ta rasa kiɗa ba. Tsohuwar fadar Muniyo ce, wadda matafiyi Heinrich Barth ya sauka a cikinta a 1852, kuma har gobe gangar Mangawa da algaitarsu, da kalangun Hausawa, da kiɗan Tubawa da Fulani da Abzinawa suna haɗuwa a kasuwanni da bukukuwan yankin. Abin da ke wuyar samu shi ne mai gangunan zamani da zai zauna da kai kullum bayan la'asar, da mai jita, da ɗakin gwaji mai wuta. Wanda ya samu bas, ta aro ce ko wadda wani ɗan'uwa ya kawo masa daga Kano ko Libiya, yawanci daga shi sai ita a ɗaki. Nan kiɗan rakiya ya samu ƙofar shiga.

Kiɗan rakiya kiɗa ne da aka naɗa da ganguna da jita da fiyano, wani lokaci har da murya, aka bar gurbin abin kiɗa guda domin mai koyo ya cike. A na mai bas, bas ɗin ce babu. Dabarar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1950 wani mutumin New York, Irv Kratka, ya kafa kamfanin Music Minus One yana buga faifan garmaho da aka cire wa abin kiɗa ɗaya, shekara guda kafin Leo Fender ya fito da bas mai amfani da lantarki wadda ta zama uwar duk waɗanda muke gani yau. A 1967 Jamey Aebersold ya fara nasa jerin faifai na masu koyon jazz, da wata hikima mai sauƙi: bas a lasifikar hagu, fiyano a ta dama, ganguna a duka biyun. Mai bas sai ya kashe ta hagu ya hau kujerar wanda ya kashe.

Mu ma ba baƙinsa ba ne, ko da ba mu sa masa suna ba. Tun ƙarshen shekarun 1990, da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha don waƙoƙin fim, mawaƙin Hausa ya saba zuwa gidan biki da kiɗansa a aljihu, a sa masa ya hau kai. Har Mdou Moctar, wanda yau duniya ta san shi da jita, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008 kan gangar na'ura irin ta waƙoƙin fim. Sai dai wannan al'ada ta bar mana wani giɓi da ba a cika lura da shi ba. A waƙar fiyano, bas tana fitowa ne daga hannun hagu na mai fiyano ko daga cikin injin kansa. Yara da yawa sun tashi suna jin bas da yatsan mutum bai taɓa ja ba, kullum ƙarfinta ɗaya, kullum a wuri ɗaya take sauka. Wanda ya ɗauki bas ta gaske a hannu yana fara koyo ne da wannan amon a kunnensa.

Amfanin kiɗan rakiya ba abin musu ba ne, kuma ban ga dalilin rage masa daraja ba. Ba ya gajiya. Za ka maimaita gaɓa guda har yatsa ya yi kanta, ba wanda zai yi tsaki ko ya duba agogo. Ba ya kuma yi maka kara. Kusan kowane sabon hannu yana da cuta iri ɗaya: in ya zo inda ya iya sai ya yi gaggawa, in ya zo inda ke ba shi wuya sai ya ja ƙafa, kuma bai san yana yi ba. Abokin da ke tafa maka hannu zai bi ka cikin kuskuren saboda zumunci. Naɗaɗɗen kiɗa zai wuce ya bar ka, ka ji kunyar da kunnenka. Ya kuma fi na'urar ƙidayar bugu, wadda ba ta da abin faɗi sai ƙwas-ƙwas, domin shi yana ba ka amon jita da za ka auna naka sautin da shi, ka ji in ka kauce. Ga rage gudu: YouTube da VLC duk suna barin mutum ya mai da kiɗa kashi 75 ko 50 cikin ɗari na saurinsa ba tare da amon ya sauka ba, abin da masu koyo a zamanin kaset ba su samu ba.

Akwai wani amfanin da littattafan Turai ba za su ambata ba. A gidaje da yawa na ƙasar nan har yanzu kiɗa sana'ar gado ce, ta maroƙa, kuma ɗan da ba gidansu ba ne in ya rungumi jita sai an yi zama a kansa. Ƴa mace kuwa abin ya fi tsanani. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad da jitar yayanta ta koya wa kanta. Kiɗan rakiya da abin ji na kunne suna ba irin waɗannan damar su gwada kansu cikin sirri, su san ko baiwar tana nan, kafin a kai ga maganar iyaye.

Amma kafin a kai ga kowane amfani sai an ji abin da ake kaɗawa, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa tun ranar farko. Tsirkiyoyin bas huɗu ne, Mi, La, Re, Sol. Mafi kaurinsu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Ƴar lasifikar salula ba ta iya motsa iskar da irin wannan sauti ke buƙata. Abin da ke ƙasa da kaɗawa ɗari biyu ko uku a daƙiƙa kusan ba ta fitar da shi. Ma'ana, wanda ya kunna kiɗan rakiya a bakin salula ba ya jin babbar gangar ƙafa, ita kuwa ce abokiyar tafiyar bas. Yana jin ƙarafa da tafi da jita, yana bin su, yana zaton yana bin kiɗa. Ita ma bas ɗin, da yake jikinta katako ne curarre marar rami, in ba a haɗa ta da ampili ba sai ƙaramin zuza take yi, sai mai koyo ya riƙa fizgar tsirkiya da ƙarfi don ya ji kansa, hannunsa ya saba da mugunta. In kuma ya samu babban ampili ya buɗe, wata rigimar ce: igiyar sautin Mi ta kai tsawon mita takwas, katangar ƙasa ba ta tare ta, maƙwabci zai ji gunjin a ƙirjinsa ko da bai ji waƙar ba.

Mafita mafi dacewa da gari irin Gure ita ce ƴar ƙaramar ampilin nan da ake soka wa a jikin bas, irin su amPlug na kamfanin Vox, mai cin ƙananan batura biyu, mai ƙofar abin ji na kunne da ƙofar shigar da kiɗa daga salula. Ba ta jiran wuta. Wanda ya zauna a jihohin Damagaram da Maradi, waɗanda layinsu ke zuwa daga Katsina, lokacin da Nijeriya ta yanke lantarki daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024, ya san darajar kayan da ba sa jiran wuta. Abu ɗaya ne za a kiyaye: sautin bas kada ya bi ta Bluetooth zuwa kunne. Bluetooth yana jinkirta sauti, sau da yawa da kashi ɗaya cikin biyar ko shida na daƙiƙa. A kiɗa mai bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, ke nan jinkirin ya cinye kusan sulusin bugu. Mutum zai ja tsirkiya, ya ji ta a makare, ya riƙa riga kiɗa don ya gyara, ya koyi karkataccen lokaci. Kiɗan rakiyar yana iya zuwa ta Bluetooth, wannan ba laifi, amma bas sai da waya.

Duk waɗannan matsalolin kaya ne, kuɗi da dabara suna maganinsu. Wadda ta fi damuna ta cikin kiɗan ce.

Wanda ya nemi kiɗan rakiya na bas a intanet zai samu dubbai, kuma mafi yawansu blues ne da funk da rock da reggae da jazz. Gininsu kusan ɗaya ne: bugu huɗu-huɗu, ƙaramar ganga tana faɗuwa kan na biyu da na huɗu, jita ko fiyano suna sauya akor bayan ƴan bugu kaɗan, aikin mai bas kuma ya yi wa kunne jagora daga wannan akor zuwa wancan. Ilimi ne mai kyau. Shi mai bas James Jamerson ya ƙawata a waƙoƙin Motown, kuma duk mai son ya ci abinci da bas ya kamata ya san shi. Amma a saurari takamba, ko tende, ko yawancin kiɗan rawa na kalangu, ko Tal National na Yamai a faifansu Kaani na 2013. Bugun yana rabuwa uku-uku ne, abin da masu rubuta kiɗa ke kira 6/8 ko 12/8, kuma biyu da uku suna tafiya tare a lokaci guda: tafi yana ƙirga biyu, ƙwarya tana ƙirga uku, mai rawa yana zaɓar wanda kafaɗarsa za ta bi da wanda ƙafarsa za ta bi. Ta wajen amo kuma, waƙa tana iya zama kan sautuka biyar da gindi ɗaya daga farko har ƙarshe, ba akor da za a sauya. A irin wannan kiɗa gwanintar mai bas ba yawo a wuyan jita ba ce. Sanin inda zai sauka ne da inda zai yi shiru ya bar wa ƙwarya fili. A ji yadda mai bas Eyadou Ag Leche ke yi a ƙungiyar Tinariwen: sautukansa ba su da yawa, amma a cire su a ga ko raƙumin zai yi tafiya.

Matashin da ya shekara yana bita da funk kaɗai, ranar da aka kira shi gidan biki zai ji kiɗan garinsu yana zame masa. Zai nemi na biyu da na huɗu ya rasa, ya cika kowane gurbi da sauti saboda shirun yana ba shi tsoro. Abin takaici ne yaro ya tashi cikin kiɗa, jikinsa ya san shi tun yana goye, sannan ya yi wa yatsunsa tarbiyyar da za ta raba su da jikin. Kiɗan seben na Kwango, wanda masu koyar da shi suka cika YouTube, ya fi kusa da mu, tunda ƙungiyoyin kiɗan zamani na Nijar sun daɗe suna sha daga rumbar Kwango, amma shi ma ba ya maye gurbin na gida.

Sai maganar gudu. Naɗaɗɗen kiɗan situdiyo yadda ya fara haka zai ƙare. Kiɗan fili kuwa yana ɗumama. Mdou Moctar da mai gangarsa Souleymane Ibrahim sukan fara waƙa a natse su ƙare ta a guje, da gangan, kuma haka Etran de l'Aïr, da suke kiɗan bukukuwan Agadas tun 1995. Mai kalangu idonsa na kan ƙafar mai rawa, kunnensa na kan kirarin maroƙi. In wata uwar biki ta shigo fili zai ja mata kiɗan, in an zo liƙi zai tsawaita, in mawaƙi ya ɗaga hannu zai yanke. Kiɗan rakiya ba ya jin ka. In ka matsa masa ba zai matsa ba, in ka ja baya ba zai jira ba. Yana koya wa mutum bi, alhali rabin aikin mai bas ja ne: shi da mai ganga ke yanke shawarar lokacin da za a ƙara wuta, da ido kawai.

Saboda haka shawarar da na fi tsayawa a kanta ita ce mai koyo a Gure ya yi nasa kiɗan rakiya. Salular da yake sauke na Amurka da ita tana naɗar sauti. Ya je wurin mai kalangu ko mai ganga ko mai ƙwarya na unguwarsu, ya gaishe shi yadda ake gaida manya, ya faɗa masa gaskiyar abin da yake so, ya kuma sallame shi, domin kiɗan nan shi ne gonarsa. A samu ɗaki marar iska da hayaniya, a ajiye salula kamar taku biyu daga gangar don kada sautin ya fashe. A roƙe shi kiɗa guda na minti biyar ko goma ba yankewa, sau ɗaya a sanyaye, sau ɗaya a tsaka-tsaki, sau ɗaya yadda yake yi in fili ya yi zafi. A tambaye shi sunan kiɗan da lokacin da ake yin sa, a rubuta. In da aboki mai jita ko gurmi, a sake naɗa da shi. Wannan naɗin ba zai yi tsabtar na situdiyo ba, gudunsa zai ɗan motsa, kuma motsin nan shi ne darasin. Har wajen ɗaure tsirkiya akwai riba: mai gurmi da mai goge da muryar mawaƙi suke daidaita kayansu, ba ruwansu da La mai kaɗawa 440 da manhajar salula ke nunawa, don haka dole mai bas ya murɗa kunnuwan jitarsa yana saurare har amon biyu su kwanta. Wanda ya saba da haka ba zai tsaya yana duban allo a gidan biki ba.

Akwai kuma hanyar cire bas daga waƙar da aka riga aka buga. Tun da kamfanin Deezer na Faransa ya saki Spleeter a 2019, manhajoji irin su Moises suna raba waƙa gida huɗu, murya da ganguna da bas da sauran kaya, mutum ya kashe wanda ya so. Ga waƙoƙin Bombino ko Mamar Kassey da aka naɗa a situdiyo mai kyau, abin yana aiki, kuma ya fi amfani ta ɗaya fuskar: ka kashe komai ka bar bas ita kaɗai, ka ji abin da gwani ya yi dalla-dalla. Sai dai yana cin intanet, kuma da kiɗan Turai aka fi horar da waɗannan manhajoji. Dunƙulen hannu a kan ƙwarya, ko kalangu da ke hawa da sauka kamar murya, suna iya rikita su, su kwashe rabin gangar su tafi da ita cikin bas. Wanda ba shi da wannan hali ya buɗe madaidaicin sauti na VLC ya sauke maɓallan hagu na sauti mai kauri; bas ɗin ba za ta ɓace ba, amma za ta ja baya ta ba shi wuri. Duk wannan don bita a ɗaki ne. Ɗora kai kan kiɗan wani a watsa ko a sayar magana ce ta haƙƙin mai shi, kuma don ita aka kafa hukumar BNDA.

Yadda ake bitar ma yana da tasiri fiye da yawan abin da aka tara a katin memori. Masu sauke kiɗa ɗari su yi minti biyu kan kowanne ba sa zuwa ko'ina. Gara guda ɗaya na mako guda. A fara da saurare, bas tana jingine. A rera abin da za a kaɗa da baki, yadda makaɗan gargajiya ke koya wa yaransu, don abin da baki ya kasa faɗa yatsa ba zai faɗa ba. Sannan a ɗauki sauti ɗaya tak, gindin waƙar, a riƙa sauke shi tare da babbar ganga har su zama kamar hannu ɗaya ya buga su. Ado ya biyo baya. A naɗi kai da wata salular a saurara washegari, domin kunne ba ya iya shari'a lokacin da hannu ke aiki. Gwajin da ya fi tona asiri kuwa shi ne a rage muryar kiɗan gaba ɗaya a tsakiya, a ci gaba da kaɗawa, a mayar bayan ɗan lokaci a ga ko ana tare. Wanda ya dawo daidai, lokacin ya shiga jikinsa. Wanda ya ɓace ya san jingina yake yi. Rabin awa kullum ya fi wunin Lahadi. A kuma riƙa goge tsirkiya bayan an gama, tunda gumin bazara yana cin ta, sabuwa kuwa sai an aika birni. Busasshen iskar hunturu ma yana lanƙwasa wuyan jita, kada a bar ta a rana ko jikin bango mai zafi.

Ƙasar nan ta riga ta ba da misalin inda naɗaɗɗen sauti ke tsayawa. Malam Mamman Barka, haifaffen Taskar, wadda a lokacin take cikin gundumar Gure, malamin makaranta ne kuma sanannen mai gurmi. Da ya so ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a 2002 ya tattara ya tafi bakin tafkin Chadi ya zauna gaban Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwanin ƙarshe. Daga wannan zaman ne biram ya kai ga faifan da ya fita a 2009 da dandalin ƙasashen waje, kafin rasuwar Barka a 2018. Ta ɗaya ɓangaren ga Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa wa Mdou Moctar bas. Ya fito daga ƙasar da ta ƙirƙiro kiɗan rakiya, duk da haka sai da ya riƙa zuwa Nijar yana shiga kiɗan bukukuwa tare da su. Abin da ya yi doguwar tafiya yana nema, matashin Gure yana da irinsa a bayan gidansu ranar kowane ɗaurin aure.

Da gidajen matasa da rediyoyin karkara na yankin za su ɗauki wannan aiki, da sun yi abin da ba mai yi mana daga waje. Suna da ɗaki mai shiru da makirfo, sun san makaɗan kowane ƙauye. A gayyaci masu ganga na Mangawa, da masu kalangu, da mata masu kiɗan ƙwarya, a biya su, a naɗi kowane kiɗa zalla ba waƙa, a gudu uku. Kowane naɗi ya ɗauki sunan kiɗan da na makaɗin da garinsu da shekarar, a yi masa rajista da sunan mai shi. Daga nan masu tura waƙoƙi a kasuwa da Xender za su kai shi Gudumariya da Taskar da Damagaram cikin mako guda, yadda suke kai waƙoƙin fim.